Farfesa Ya Ba Manaja Lokaci

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar harshe, to a fara da Farfesan Saman Shago, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a nemo na biyu. Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba. Jami'o'in sun yi nawa, shi kuwa ba mai son jira ba ne, sai ya ba kansa.

Makarantarsa ta koyon Turanci tana saman shagon mai faci: ɗaki guda, 'yan bencina, allo mai tsaga a tsakiya, da wani shuɗin labule da ya raba duniya biyu. Gaban labule aji ne. Bayansa ofis ne, inda kujera ɗaya da ƙaton ƙamus suke zaune, kuma duk ginin babu wanda ya kai ƙamus ɗin nan samun hutu.

Ɗalibansa manya ne masu iyali: tela, direban tasi, wata mai kayan kwalliya, da mai gyaran waya da ke zuwa saboda fanka. Wasu malaman, marasa zurfi, sukan zuba wa mutum kalmomi barkatai a zama ɗaya. Farfesa ba ya wannan almubazzarancin. Kalma ɗaya yake ɗauka, ya yi wata guda yana jujjuya ta yana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Ta wannan watan ita ce appointment.

"Kalmar nan suna ce, ba aikatau ba," in ji shi, hannu a baya, ido a rufin ɗaki. "Ma'anarta alƙawarin ganawa. Ku biyu ku yarda da rana, da lokaci, da wuri. Za ka ga likita, ka nemi appointment. Za ka ga lauya, haka. Ana yin ta, ana cika ta, in uzuri ya taso a soke ta da ladabi. Iyakar abin da ƙamus ya sani ke nan." Sai ya dakata don maganar ta zauna. "Abin da ƙamus bai sani ba, ni na sani. Kalmar nan tana da sama da ƙasa. Ƙarami roƙon ta yake yi, babba bayar da ita yake yi. Duk wanda kuka ga ya tashi ya tafi wurin wani, shi ne ƙaramin."

Direban tasi, wanda kullum shi ke zuwa wurin mutane, ya sunkuyar da kai.

Malamin kirki ba ya barin ilimi a allo, don haka Farfesa ya shigo da kalmar cikin rayuwarsa. Mai faci ya hau ya gaya masa baburan ɗalibai sun tare masa bakin shago, aka ce ya koma ya nemi appointment. Kawun matarsa, dattijon da ya sha hanya don a gaisa, ya yi zaman benci har ƙafarsa ta mutu, alhali yana ganin takalman Farfesa ta ƙarƙashin labule.

"Malam," in ji uwargidan da ya koma gida, "ni ma sai na nemi wannan abin naka kafin in kawo maka abinci?"

"Ke an yi miki sassauci," ya ce. "Amma kada ki faɗa a waje."

Sai dai babban mutum ma yana da abin da ransa ke so. An buɗe sabon otal a babban titi, ana neman wanda zai koya wa ma'aikata Turancin tarbar baƙi. Aikin yana zuwa da ofis, ofis na gaske, mai ƙofa da makulli da na'urar sanyi. Farfesa ya daɗe yana mafarkin ƙofa. Mutum ba ya iya cewa "shigo" da cikakkiyar murya idan labule ne tsakaninsa da jama'a. Ya kai sunansa a ɓoye, ya dawo yana cewa otal ɗin ne ke bin sa.

Wayar ta zo ana tsakiyar darasi. Da ya ga lambar, sai ya buɗe murya don aji ya amfana. Sakatariyar otal ɗin ce. Ta gaishe shi, ta ce manaja zai gan shi a ofishinsa ranar Talata da hantsi.

Bakin Farfesa har ya buɗe zai ce yana nan tafe. Sai ya ɗaga ido. Duk ajin na kallon sa, har mai gyaran waya ya juyo daga fanka. Ga darasin nan a allo, da rubutun hannunsa, alli bai ko goge ba.

Ya gyara murya. "'Yata, ki gaya wa manaja na duba, ina da sarari Talata da hantsi. Na ba shi appointment. Saman shagon faci ne. Ya bi matakala a hankali, akwai mai girgiɗi."

Sai ta ce, "To, Malam," ta ajiye.

"Kun ji," ya ce wa ajin. "Ta ce to."

Ranar Talata aka share ɗakin har lungun da bai taɓa ganin tsintsiya ba. An wanke labule, an aro kujera mai laushi daga wurin tela. Farfesa ya sa kwat da taye, ya fesa turaren da mai kayan kwalliya ta kawo don a gwada kawai. Ya umarci ɗalibai su bar sana'arsu su zo, don irin wannan darasin ba a maimaita shi.

Matsalar zama saman mai faci ita ce motoci suna tsayawa. Kowace ta tsaya, Farfesa ya miƙe. Da ya ji iska na shiga taya, ya zauna. Can wata baƙar mota mai ƙyalli ta yi birki, aka ji taku a matakala. Nan take ya faɗa bayan labule, ya raɗa wa tela cewa a bar baƙon ya ɗan jira, haka ake yi. Baƙon ya leƙo, ya tambaya ko mai facin yana nan sama, ya sauka.

Hantsi ya wuce, rana ta take. Gumi ya jiƙa tayen.

"Manya sukan makara," in ji Farfesa. "Ni shaida ne."

Tela ya tuna da ɗinkin mutane. Mai kayan kwalliya ta tuna da shagonta, ta tafi da turarenta. Direba ya fita neman fasinja, kuma shi ne ya dawo da yamma da labari: ya ɗauko wata matashiya daga bakin otal, tana ta murna a waya. Ta ce su biyu aka kira. Manaja ya ɗan jira ɗayan, bai zo ba, sai ya ba ta aikin da makullin ofis.

"Na yafe masa," in ji Farfesa. "Bai halarci ajina ba, ina zai san ƙa'ida?"

Washegari da sassafe, babban mutumin da ba ya zuwa wurin kowa ya bi ta lungu, ya ɓullo a bakin otal. Sanyin wurin ya doke shi tun daga ƙofa, har idonsa ya kawo ruwa. Yarinyar da ke teburin tarbar baƙi ta yi murmushi, ta tambaye shi ko yana da appointment.

Ya ce shi ne Farfesa. Ta jira ƙarin bayani, bai zo ba. Ya ce an samu 'yar rashin fahimta ce tsakanin manya biyu, ya zo ya ba manaja damar gyarawa.

"Ai manaja ya yi tafiya, Baba," ta ce. "Amma sabuwar malamarmu ta Turanci tana neman wanda zai riƙa jera mata kujeru yana goge allo. In kana so, sai in roƙa maka ita ta gan ka."

Farfesa ya kumbura har maɓallin kwat ɗin ya nemi agaji. Ya dubi doguwar barandar, ƙofofi a jere, kowace da makullinta. Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, ya tabbatar babu ɗalibinsa ko ɗaya a wurin. Sannan ya sunkuyo kan teburin, ya rage murya.

"Wace rana take da sarari?"