Layin Injiniya Tanimu Mai Ɗaukar Mutum Ɗari Uku

Duk Funtuwa babu wanda bai san bakin Injiniya Tanimu ba. Shi dai ya taɓa aiki a tsohon kamfanin tarho, zamanin da ake jan waya a kan turaku. Kamfanin ya mutu tuntuni, amma a bakin Tanimu ko zazzaɓi bai yi ba. Komai na duniya da ma'aunin wancan zamani yake auna shi, wani babban layi da suke kira E1.

Ka ce masa intanet ɗinka na gudu, sai ya taɓe baki. "Mega nawa? Raba biyu, ka sami yawan E1. Kowane E1 kuma kiran mutum talatin yake ɗauka a lokaci guda. Na Amurkawa ma ashirin da huɗu ne, abin tausayi." Mutanen majalisa sun ji wannan lissafi har ya fita daga kansu.

To, sai ga Injiniya ya faɗa son wata bazawara, Hajiya Ladidi mai sayar da atamfa. Son gaske, har ramewa ya yi. Matsalar ɗaya ce: waliyyinta, yayanta Alhaji Maikano, yana zaune a Jidda, ya kuma rantse babu mai bayar da ƙanwarsa sai shi. Aka shirya ya halarci ɗaurin auren ta kiran bidiyo.

"Wannan ai aikina ne," in ji Tanimu. Ya sayo na'urar intanet mai mega ashirin, ya buga lissafi a gaban majalisa. "E1 goma ke nan. Goma sau talatin, mutum ɗari uku. Kowa ya zo da wayarsa ya sha, ni na ɗauki nauyi."

Liman Malam Sidi ya ce, "Injiniya, da dai an bar layin don Alhaji kaɗai."

"Allah gafarta Malam, kai da karatu, ni da waya."

Ranar Asabar ƙofar gida ta cika maƙil. Ango ya ƙi zama gefe kamar sauran angwaye. Ya sha babbar riga, ya ɗora na'urar a kan turmi, ya karɓi lasifika daga hannun maroƙi ya shelanta lambar sirri, har da maimaici saboda na baya. Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne, mutanen da ya ƙirga irin na da ne, masu cewa "salamu alaikum, ya gida" su ajiye waya. Na yanzu kuwa wannan na sauke fim, wancan na kallon ƙwallo, mata a cikin gida na haska ƙunshin amarya ga ƙawayenta na Kaduna.

Alhaji Maikano ya bayyana a fuskar kwamfuta, da rawaninsa. Aka gaisa, aka yi addu'a, wakilin ango ya nema. Liman ya gyara murya.

"Alhaji Maikano, kun bayar?"

Alhaji ya buɗe baki. Ƙyam, hoto ya tsaya. Baki a hangame, ido ɗaya a rufe.

Liman ya sake tambaya, shiru. Wani daga baya ya ce, "Ko dai mun wuce ɗari ukun ne?" Aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Gumi ya karyo wa Tanimu har cikin hula. Ya girgiza na'ura, ya hura mata iska, ya ɗaga ta sama kamar mai tallan tsire. Tsoro ya kama shi, don ya ga aure da suna za su tafi rana ɗaya. Ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, sai idonsa ya faɗa kan hangamammen bakin nan.

"Jama'a, nan lafiya lau muke, daga can ne," in ji shi. "Ni na san mutumin nan. Shekara da shekaru a Jidda, ko rabin E1 ya kasa saye. Marowaci ne na bugawa a jarida. Ko dabino bai taɓa aiko wa ƙanwarsa ba, ita ta faɗa min. Ku dubi rawanin ma, na aro ne."

Ƙirr, kwamfuta ta yi ƙara. Hoton bai motsa ba, amma murya ta fito tar.

"Injiniya."

Tanimu ya daskare da na'ura a sama.

"Hoton ne kawai ya tsaya. Magana kam layinka na kawo ta tas, tun ɗazu nake ji. Malam Liman, maimaita tambayarka."

Liman ya ce, "Alhaji, kun bayar?"

"Haba Malam," in ji muryar. "Yaushe ka taɓa jin marowaci ya bayar?"