Ranar da Na Tantance Surukina

Tunda aka yi mana bita kan 'yan damfarar waya, na naɗa kaina malamin 'yan shinkafar Bagudo. Ran nan baƙuwar lambar Benin ta kira, wai surukina ne, in aika buhu goma. Na buɗe lasifika don abokan sana'a su koya.

Na ce, "In kai ne, faɗi sunan matata."

Shiru. Na manta ita ce 'yarsa ta fari, shi kuwa Bafulatani ne, Bafulatani ba ya faɗin sunan ɗan fari.

Na daka tsawa, "Ɓarawo, asirinka ya tonu!"

Ashe shi ne, ya tsallaka iyaka cin kasuwa ya ari waya. Har yau in na je gaishe shi Kaoje, kafin ya amsa sai ya miƙo mini katin ɗan ƙasa.