Ramar Bakin Kwata

Ba zan taɓa mantawa da wani ganye da na tsinko a bayan katangar kamfaninmu a Challawa ba, ko da na so in manta. (Kuma na so, Allah ya sani.)

A farkon shekarun tamanin ne. Ina saurayi, ban daɗe da gama makaranta ba, na samu aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin jimar fatu. Aka ba ni farar riga mai aljihu a ƙirji, ni kuwa na ɗauki kaina likita. Aikina auna ruwan jima. A cikin ruwan nan akwai wani ƙarfe da ake kira kurom, shi ke hana fata ruɓewa. In an gama da ruwan sai a sake shi a kwata, ya bi bayan katanga ya gangara, kore shar, yana wari. A bakin kwatar nan kuwa masu lambu ne reras, da shi suke ban ruwa duk rani.

Abin ya dame ni, domin a Panshekara nake haya, kuma alayyafon da ake mana miya da shi daga can yake fitowa. Na sami ogana, Mista Bulus, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, na ce ina so mu gwada ganyayen lambun mu ga ko suna shan ƙarfen.

"Shawara ce mai kyau," in ji shi. "Amma ka bari in dawo daga hutun Kirsimeti mu yi tare. Irin wannan maganar ba a fitar da ita sai an duba an sake dubawa."

Na ce to. Motarsu ba ta kai Zariya ba na ɗauki buhu na nufi lambu. (So nake in ya dawo ya tarar da sunana a bakin kowa. Ya tarar ɗin kuwa.)

Lambun da na shiga na wani tsoho ne, Malam Idi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya yankar mini alayyafo da latas da kabeji, ya ce, "Ɗana, in akwai cuta a ciki ka faɗa mini, jikokina ma shi suke ci." Aka kira azahar ya tafi masallaci. Ni kuma na ci gaba da zagayawa har can ƙarshen lambun, bayan wasu dogayen ciyayi inda ba kowa ke bi ba. Nan na ga wata shuka ta miƙe ta fi ni tsawo, ganyenta kamar yatsun hannu, ta yi kyau har tana sheƙi. Na ce a raina, kai, wannan rama ta samu wuri! Na cika rabin buhu.

Sai in faɗi gaskiya a nan: ni ɗan cikin birni ne. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Rama a kwano na san ta, an dafa an kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Na baza ganyayen a tagar ɗakin gwaji su bushe. Abin mamaki, sai farin jinina ya ƙaru. Ma'aikatan da ba su taɓa ce mini sannu ba suka fara leƙowa lokacin canjin aiki. Wani ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, ashe kai namu ne. A ɗan sam mana mana."

Na haɗe rai na ce, "Wannan ta aiki ce. Ni kaina ba ta ishe ni ba."

Ya dube ni da girmamawa, ya tafi yana jinjina kai.

Yadda ake gwajin, sai an ƙona ganye ya zama toka, a narkar da tokar, a ɗiga mata wani magani. In da kurom, ruwan sai ya rine. Gwargwadon ƙarfen, gwargwadon rinewar. Alayyafo ya rine. Latas ya rine. Da na zo kan ramata, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin da wani irin wari, kaina ya yi sakayau, na tsinci kaina ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai ina kallon kwalba. Kwalbar kuwa ta fi dukkan sauran rinewa nesa ba kusa ba. Na ce lallai wannan guba ta kai guba, tunda hayaƙinta kawai ya taɓa mini ƙwaƙwalwa.

Ana cikin haka sai ga dama ta zo. Mutanen ƙauyen da ke bayanmu sun kai ƙara kan warin kwata, aka shirya zama a ofishin manaja: dagaci da mutanensa, babban duba-gari, da wasu masu lambu, har da Malam Idi da na matsa masa ya zo. Na roƙi manaja ya bar ni in yi bayani. Ya yarda, a zatonsa zan nuna musu yadda muke kula da ruwa.

Na jera kwalabena a kan tebur. Na yi bayanin alayyafo, kowa ya zuba wa kwalbar ido. Na yi na latas, dagaci ya gyara zama ya ce, "Wato yaro, abin da muke ci ke nan?" Na ga manaja yana share gumi. Wallahi a wannan lokacin sun saurare ni, kowa ya saurare ni. Da na tsaya a nan, da ban san inda maganar za ta kai ba.

Amma sai na zura hannu a aljihun farar rigata, na zaro ganyen da na adana don ƙarshe, na ɗaga shi sama.

"Ranka ya daɗe, duk ba su kai wannan ramar ba. Ita ta fi shan ƙarfen. Ni shaida ne, domin da na shaƙi hayaƙinta yini na yi ina dariya, da na koma gida kuma na cinye tuwona na haɗa da na maƙwabcina."

Duba-gari ya miƙo hannu. Ya karɓi ganyen, ya murza, ya kai hanci. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, a ina ka yi karatu?"

Na faɗa masa, har da ɗan murmushi.

"To wannan ba rama ba ce. Tabar wiwi ce."

Wani daga cikin mutanen dagaci ne ya fara tuntsirewa da dariya, sai ofishin ya ɗauka gaba ɗaya. Dagaci ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ni ina tsaye, hannuna bai ma gama saukowa ba. Manaja kuwa, da ya ga ƙofa ta buɗe, bai yi wata-wata ba.

"Ranka ya daɗe, kun dai gani. Wanda bai san rama ba, kuma da bakinsa ya ce ya sha hayaƙi kafin ya yi gwajin, yaya za a yi a kama maganarsa?"

Shi ke nan. Aka kwashe kwalabena aka zubar. Ba wanda ya sake tada zancen alayyafo. Tambaya ɗaya ta rage a ɗakin, duba-gari ne ya yi ta: "A lambun wa ka samo?"

Idona ya riga bakina, ya sauka a kan tsohon nan. Malam Idi ne kaɗai bai yi dariya ba tun farko. Ya ce, "Ɗana, ni na ba ka wannan?"

'Yan sanda suka zo suka tuge shukar, suka tattake rabin lambun, suka tafi da Malam Idi. Na bi su na rantse cewa ba shi ya nuna mini wurin ba, dagaci ma ya tsaya masa, aka sake shi, don kowa ya san ƙafarsa ba ta kai shi ƙarshen lambun. Har yau ban san wanda ya shuka ta ba. Amma tsohon bai iya zama da sunan mai noman wiwi ba. Kafin damina ya tattara ya koma ƙauyensu wajen Gumel. Na je ba shi haƙuri na tarar da wani yana ban ruwa a wurin, da ruwan kwatar nan dai.

Da Mista Bulus ya dawo bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya maimaita gwajin a ɓoye, ya ce sakamakona daidai ne, har na wiwin, wadda yaranmu na kamfani ke zuƙa da ƙarfenta da komai. Ya kai maganar sama, aka ce masa, "Au, zancen Malam Rama?" Sunan da na ci gaba da amsawa ke nan har na bar Challawa.

Abin da na koya shi ne, mutane za su iya haƙuri da mai ƙarya, amma mai gaskiyar da ya ba su dariya ya gama yawo. Shi ya sa yanzu, duk abin da zan ɗaga sama a gaban jama'a, ko da takalmin ƙafata ne, sai na fara jan wani gefe na tambaye shi, "Don Allah, mene ne sunan wannan?"