Ranar da Na Nemi Gafarar Hajiya a Kan Teku

Ko da zan manta komai na duniya, ba zan taɓa mantawa da wannan hantsin ba. Shekara talatin na yi ina koyar da labarin ƙasa a Daura, na zana teku a kan allo ya fi a ƙirga, amma ruwan da idona ya taɓa gani bai wuce dam ɗin Sabke ba. Da na yi ritaya, 'yarmu Binta da mijinta suka kai mu yawon buɗe ido, ni da Hajiya, a wani ƙaton jirgin ruwa mai hawa-hawa. Tun a hanyar Kano nake cika baki: "Ke dai ki kwantar da hankalinki, teku ai fannina ne." Ta ce, "To, Malam."

Ranar farko aka tara mu, aka nuna mana rigar ceto da wasu ƙananan jirage da ke rataye a gefe, aka ce idan jirgi zai nutse su ake saukewa. Wannan na riƙe shi gam. Sauran bayanin kuwa ban saurara ba (wa zai koya wa malami?).

A rana ta uku na leƙa taga, sai na ga jirgi ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, gari na can nesa kamar akwatunan ashana. Ga ƙananan jiragen ana ta sauke su, mutane sun yi layi. Nan take na ce shi ke nan, jirgi zai nutse. Na ɗora rigar ceto a kan babbar riga, na ja hannun Hajiya muka fita, takalmina ɗaya a ƙafa ɗaya a ɗaki.

A kan layi na tuna bai kamata mutum ya koma ga Allah da haƙƙin iyalinsa ba. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

"Me ka yi, Malam?"

"Furar da kike dama mini in tafi da ita makaranta, duk shekarun nan malaman ofis ke shanyewa. Ni ta Fulanin bakin tasha nake sha. Taki yaji ya yi mata yawa."

Ta tsaya tana kallona. Ni kuwa har da ƙwalla.

Sai ga Binta da gilashin rana, tana shan lemo. "Baba, lafiya?" Na nuna mata jiragen. Ta ce, "Haba Baba, gari za a shiga yawo. Bakin ruwansu ba zurfi, babban jirgi ba ya iya matsawa, shi ne ƙananan suke jigilar mutane, kamar yadda ɗan acaba ke ɗaukarka daga tasha zuwa lungu. Kati ake karɓa, a jira a kira lambarka."

Sai a lokacin na duba da kyau. Kowa da hular rana da gajeren wando, ni kaɗai ne a kumbure kamar buhun gyaɗa. Hajiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, wata tsohuwar Baturiya da ba ta ji komai ba ita ma ta taya ta. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Garin dai mun shiga, kuma ya yi daɗi. Mun ci gasasshen kifi, Hajiya ta tsoma ƙafa a teku tana murna kamar yarinya. Da na ga ta sake, na ce, "To, an yafe?" Ta ce, "Tun a jirgi, Malam. Sai dai a biya baya."

Yanzu kullum da azahar sai ta dama furar nan, yaji yadda ta saba, ta jawo kujera ta zauna a gabana har in ga gindin ƙwarya. Shawarata gare ku, kafin mutum ya tona asirin kansa, ya fara tambaya ko da gaske mutuwar ce ta zo.