Ranar da Na Kama Uwar Kifi da Matacin Shayi

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da surukina ya ga iyakar ilimina a kan kifi, a tsakiyar falona.

Ina kiwon wasu ƙananan kifaye a akwatin gilashi a gidanmu da ke Barkin Sale. Dangin karfasa ne, amma ko sun tsufa ba sa wuce tsawon ɗan yatsa. Ba a cin su, kallo kawai ake yi. Macen idan ta shirya yin ƙwai cikinta yakan yi ja kamar an shafa mata janbaki. Na zuba musu yashi, na dasa ganye, na kife ɓawon kwakwa na fasa masa ƙofa, saboda a cikin rami suke son ɓoye ƙwai. Idan aka ɗauke wuta, ni ne nake tsugunawa ina motsa ruwan da kofi don kada iska ta ƙare musu (Rabi, matata, ta ce ko lokacin da ta yi zazzaɓi ban yi mata fifita haka ba).

Matsalar ita ce mahaifin Rabi masunci ne. Tun ina rarrafe yake jefa taru a dam ɗin Tagwai. Da ya ji labarin surukinsa yana ciyar da kifin da ba ya shiga tukunya, bai yi faɗa ba, sai dai ya tambayi Rabi ko lafiyata ƙalau. Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Ina so ƙwarai Baba ya ɗauke ni a matsayin mutumin da ya san abin da yake yi.

Sai Allah ya kawo dama. Kifayen suka ƙyanƙyashe, 'ya'ya wajen talatin, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, suna bin uwarsu. A makon ne kuma Baba ya aiko zai biyo bayan masallaci ya duba Rabi, wadda ke da cikin wata bakwai. Na goge gilashin nan har sau uku.

Kun san dai yadda ake yi a gaban suruki: ba a ɗaga murya, ba a haɗa ido, ba a zama a kujera. Shekara huɗu ina kiyaye wannan ba kuskure. Ranar ma na durƙusa na gaishe shi, yana cikin farar babbar rigarsa, sannan na ja shi gaban akwatin. Nan fa bakina ya buɗe. Na yi masa bayanin zafin ruwa, na yi na abinci, har na ce, "Baba, waɗannan sai da ilimi, ba kamar na dam ba ne." (Har yau idan na tuna wannan maganar sai na rufe ido.)

Ya ce, "To, madalla."

Na sunkuya ina nuna masa 'ya'yan da yatsa. Kawai sai na ga uwar ta buɗe baki ta zuƙe ɗaya. Ta zuƙe na biyu. Ta zuƙe na uku.

Wallahi ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Ke! Tofar da su, muguwa!"

Rabi da ke shigowa da ruwan sha ta tsaya cak, ta zaci da ita nake. Na wuce ta a guje, na rarumo matacin shayi a kicin, na zura hannu cikin akwatin har kafaɗa. Na bi kifin nan hagu da dama, na ture ɓawon kwakwa, na tumɓuke ganye. Ruwa ya yi ambaliya, kuma rabinsa a kan farar rigar Baba ya sauka. Daga ƙarshe na kamo ta, na ɗaga matacin ina haki, na kalli surukina ido cikin ido.

"Ka gani, Baba? Cinye su take yi."

Ya share fuskarsa da hannun riga a hankali. Ya ce, "Malam, mayar da ita."

Kafin in motsa, sai ta tofar da 'ya'yan nan uku a cikin matacin, suna wutsil-wutsil da ransu.

Baba ya ce, "Inuwarka ta gani ta tsorata. Kwashe su take yi ta mayar ɗaki. Karfasa ma da baki take ɗaukar nata. Amma idan ka ci gaba da razana ta, to da gaske za ta cinye su, kuma kai ne ka sa."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ya karɓi matacin ya mayar da su da kansa, ya gyara ɓawon, ya sa Rabi ta kawo zani ya lulluɓe akwatin. Ya ce kwana uku kada in leƙa. Na ba shi rigata ya ƙi karɓa, haka ya hau keke Napep a jiƙe.

Kwana ukun nan na yi su kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da na yaye zanin, sai ga uwar tana yawo, 'ya'yanta na biye da ita.

Na zaci maganar ta mutu. Bayan wata biyu Rabi ta haihu. Ranar suna, dangi sun cika ƙofar gida, Baba ya yafito ni. Na durƙusa. Ya ce in ware masa biyu daga cikin 'ya'yan kifin nan, ya ga suna da kyau. Ban gama jin daɗi ba sai ya ƙara, da muryar da kowa zai ji: "Sannan idan ka ga Rabi ta kai bakinta jikin jaririn nan, ba cinye shi za ta yi ba. A ɓoye matacin shayi."

Tun daga ranar, idan masunci ya tsaya a gaban akwatina, nakan koma gefe in yi shiru. Rabi kuwa ta sayi sabon mataci, kuma har yau ba ta nuna mini inda take ajiye shi ba.