Rasuwar Shamuwa, Jirgin Illo Makaniki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye don kunya, ni Illo makaniki na bayan tashar Tasawa nake sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa yi mini dariya, rasuwar Shamuwa, jirgin saman da na ƙera da hannuna a kangon da ke jikin gidana. Ta rasu ranar Juma'ar da ta wuce, cikin wannan bazara ta 1985, liman yana tsakar huɗuba. Ba ta taɓa tashi ba.

Na raɗa mata sunan tsuntsuwar da ke zuwa gaban damina, don tun da ruwa ya ƙi mu nake son in hau sama in ga inda hadari yake tsayawa ya juya. An haife ta daga injin babur, da tayoyin baro, da tsohuwar kujerar lakwal, wato makarantar boko, da farfela ta icen aduwa wadda Dikko masassaƙi ya fere mini yana girgiza kai. Fukafukanta buhunan hatsin agaji ne. Matata Mairo ce ta ɗinke su, ba ta ko tambaye ni ina za ni ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai zama inda aka ajiye ta. Ba ta taɓa neman isansi, wato fetur, ba sai an ba ta. In aka murza farfelarta takan ce, “Tuf, tuf, tuf, furrr,” ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce, “Kaf.” Sau ɗaya ta yi tafiya da ƙafafunta daga bakin kango har gindin dogon yaro, kaji suka watse, labari ya kai har garin Baoudetta cewa ta tashi sama. Ban ƙaryata ba.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da wani jandarma ya zo dubanta. Zamanin soja ne, ba a ƙera abu mai fukafuki a ɓoye. Ya zaga ta, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya ce jirgin da ba shi da jar fitila a hagu da koriya a dama ba za a bar shi ya motsa ba. Na ce to. Na samo ƙwan fitila biyu na shafa musu fenti, na samo batirin mota. Saura bututun da waya za ta bi daga batir zuwa bakin fiffike, don in aka bar ta tsirara, jijjigar inji za ta goga ta da ƙarfe har ta saɓe.

Na gwada bututun ƙarfe, fiffike ya langaɓe don nauyi. Abokina Ƙadri mai lambu ya yanko mini tiyon roba daga na ban ruwansa, kyauta. Na auna shi a hannu na ce shi ma ya yi nauyi, alhali gaskiyar maganar muninsa ne bai yi mini ba. Sai na tuna da ƙuruciya: wane ɗan Tasawa ne bai ƙera mota da kara ba? Karan dawa ba shi da nauyi, ga shi a miƙe, in an huda cikinsa da ƙarfe mai zafi waya sai ta wuce sumul. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Amma a shekarar nan kara ba abin tsinta ba ne a gona. Wanda ya rage a gidanmu dami guda ne a kan rumfa, Mairo tana tsakura wa jar akuyarmu. Ita kaɗai ta saura cikin dabbobinmu, kuma nononta 'yarmu Shatu take sha tun da na uwarta ya ƙafe. Da na ɗora tsani, Mairo ta ce, “Baban Shatu, karan ga hwa abincin akuya na.” Na ce kaɗan zan ɗiba. Na zaɓe duk masu kauri.

Ranar Juma'a na bar fitilun a kunne da rana tsaka, don masu dawowa daga masallaci su gani su san Illo ba mahaukaci ba ne. Akuya ta tsinke igiya, ta bi ƙanshin abincinta har cikin kango, ta hau fiffike ta kama ci. Haƙoranta suka haɗa waya da waya. Busasshen kara ya kama, ya miƙa wa buhu, buhu ya miƙa wa galan ɗin isansi. Maƙwabta sun ce kalmarta ta ƙarshe “Bum” ce. Da rairayi aka kashe wutar, don ba mai ruwan zubarwa.

Ina roƙon jama'a kada a zagi akuya. Haƙƙinta ta je karɓa. Kada a zagi jandarma, fitila ya ce, bai ce kara ba. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, kuma na gani.

Marigayiya ta bar inji ɗaya da ya yi baƙi amma yana juyawa, da taya guda, da koren ƙwan fitila da bai ko fashe ba. Ta bar tiyon Ƙadri a rataye a jikin katanga, lafiyarsa ƙalau, ba na iya haɗa ido da shi. Ta bar jar akuya da rai, sai dai wuta ta lashe mata hantsa, tun ranar ko ɗigo ba a tatsa ba. Ta bar Mairo, wadda har yau ba ta ce mini uffan ba. Da ta zage ni da na sami barci.

Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce ƙarfe ne. Za a ɗora gawar a kan amalanke ranar kasuwar Koona da sassafe, a bi ta gaban tasha, kowa ya gani. Ƙarafunan za su tafi maƙera a yi hauya, ko Allah zai kawo damina. Injin kuwa, duk mai akuyar da ake tatsa ya kawo ta ya ɗauka, ba zan yi ciniki ba.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana bayan la'asar. Kada a zo da goro ko dabino, kada kuma a ba ni haƙuri, ban cancanta ba. Wanda yake da nono a gidansa, ko ludayi ɗaya ne, ya wuce ni ya miƙa cikin gida. Kukan da za ku ji daga ciki na Shatu ne, kuma ba jirgi take yi wa ba.