Yaƙin Neman Lamba Ɗari Huɗu da Wani Abu

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya sanya barci ya zama hutu ga bayinSa, musamman ƙanana. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzon maza, Malam Sagiru ɗan Ɗan'asabe mai gyaran rediyo, ɗan Tanko mai kalangun mahauta, ɗan Bawa wanda aka ce ya taɓa busa ƙaho har jakunan kasuwa suka tsinke igiya. Sarkin Fiyanon Bayan Tasha, Amirul Wayoyi, Garkuwan mawaƙan biki na birnin Funtuwa da kewaye, mai ɗakin haɗa kiɗa a zauren gidan haya, wanda katanga ɗaya tal, ita ma ta bulo mai rami, ta raba shi da ɗakin da iyalinsa ke kwana.

Shi wannan sadauki yana da fiyano irin na zamani, mai ƙwaƙwalwa, kuma a jikinsa akwai wani jan maɓalli da ya laƙaba wa suna Ƙaddara. In aka danna shi, na'urar da kanta take ƙago kiɗa ba tare da an taɓa mata komai ba: ta zaɓi sautin da ta ga dama, ta jera, ta yi ta maimaitawa. Kowane kiɗa da lambarsa, daga ɗaya har ɗari tara da casa'in da tara. Wanda ya riƙe lamba, kiɗansa zai dawo masa. Wanda bai riƙe ba, bai kuma danna ajiya ba, sai dai a yi masa jaje.

To, a ranar wata Talata mai zafi, uwargidansa Rumasa'u ta kai 'yarsu Siyama rigakafi. Yarinya 'yar wata uku da rabi aka soka wa allura a cinya biyu, ta kuwa buɗe baki tun daga asibiti ba ta rufe ba har aka kira azahar. An ba ta nono, ta ƙi. An ba ta maganin zazzaɓi daidai awon da malamar asibiti ta nuna, ba ƙari ba ragi. An goge mata jiki da tsumma mai ɗumi. Abu ɗaya ya rage, shi ne barci, kuma duk uwar da ta taɓa rainon mai allura ta san in aka samu barcin awa biyu an gama.

Ana cikin wannan musiba ne Amirul Wayoyi, yana laluben kiɗan wata waƙar biki, ya ɗora yatsansa mai albarka a kan Ƙaddara. Sai ga wani sauti ya ɓullo daga lasifika, mai sanyi, mai taushi, kamar ɗigar ruwa a randa, yana hawa uku ya sauko biyu. Siyama ta tsaya cak. Ta yi ajiyar zuciya. Idonta ya fara lumshewa.

Rumasa'u ta leƙo zaure a kan yatsun ƙafa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Abban Siyama, don Allah ajiye wannan. Yanzu."

Gwarzo ya ɗaga hannu irin na manya. "Bari in ɗan ƙara masa ganga tukuna."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta.

Malaman tarihi sun yi saɓani a kan tsawon shirun da ya biyo baya, amma sun haɗu a kan cewa Siyama ce ta kawo ƙarshensa. Nan take jinin Tanko mai kalangu ya motsa. Sagiru ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya fita tsakar gida ya fuskanci janareta, ya ja igiya sau goma sha ɗaya kafin ta miƙa wuya. Fiyano ya farfaɗo, amma fes, kamar bai taɓa sanin kowa ba.

"Na ga lambar da idona!" in ji shi. "Ɗari huɗu ce da wani abu! Wallahi ko ni ko ita!"

Da haka aka ɗaura yaƙi. Ya tunkari rundunar lambobi ɗari, daga ɗari huɗu cif, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya su fito fili. Ta farko ta fito da ƙara kamar an ture kwandon kwanuka. Ɗari huɗu da uku ta zo da kukan kwaɗin damina. Ɗari huɗu da tara injin markaɗe ce sak, har da tsayawar da yake yi in ya ci dutse. Ɗari huɗu da goma sha biyu kuwa ta yi daɗi ƙwarai, sai dai daɗin rawa ne, har aka ga kafaɗar Amiru ta soma motsi kafin ya tuna abin da ya fito nema. Kowace ya sake ta da cikakkiyar murya, domin a cewarsa sai yarinya ta ji za a gane, yarinya kuwa tana ba kowace amsa daidai ƙarfinta.

A lamba ta goma sha bakwai Rumasa'u ta bayyana a bakin zaure, ɗankwali a karkace. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko abin sawa a kunne, mai kama da faifai biyu, ta kifa masa a kai. "Yi yaƙinka a nan ciki," in ji ta.

Daga wannan lokaci Garkuwan mawaƙa ya rabu da duniya da abin da ke cikinta. Ya kutsa cikin ashirin da talatin, ya tarwatsa arba'in. Ya murɗa maɓallin sauri, ya rage na yawan sauti, ya mayar da su yadda suke don kada ya ɓata sahu. Dambun da aka ajiye masa ya huce, ƙuda suka yi masa mubaya'a. Ya dakata ya yi sallar la'asar a nan zauren, ya shafa addu'a, ya koma fagen fama. Da ya kai wajen sittin sai ya rufe ido ruf, saboda ya ce ido yana raba hankalin kunne, ya ci gaba da danna na gaba, na gaba, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan farare da baƙaƙen maɓallai.

A ɗaya ɓangaren kuwa, inda marubuta ba su cika leƙawa ba, Rumasa'u ta goya yarinya a hankali, ta kauce wa wajen allurar, ta yi ta zagaya tsakar gida tana wanke tsummokara da hannu ɗaya. Ƙarfe huɗu da kwata Siyama ta yi barci. Aka sauke ta a katifa kamar ana sauke ƙwai. Aka saki labule. Aka kore kaji. Aka roƙi maƙwabciya ta jinkirta daka. Sannan Rumasa'u ta je bakin zaure, ta dafa kafaɗar maigidan, ta haɗa tafin hannu biyu ta jingina kumatu a kai, alamar an yi barci. Gwarzo ya buɗe ido ɗaya, ya ɗauka cewa ake yi ya gaji ya je ya kwanta. Ya girgiza kai, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, ya mayar da idon ya rufe.

Minti ashirin aka samu. Minti ashirin cur.

Sai ga shi, a cikin kunnen Amirul Wayoyi, ɗigar ruwa a randa, hawa uku saukowa biyu. Kuma sanannen abu ne, mutumin da kunnensa ke toshe bai san girman muryarsa ba.

"NA KAMA SHI! RUMA! KAWO TA! NA KAMA SHI!"

Ya yi tsalle irin wanda zuriyar Bawa ba ta taɓa yi ba. Wayar abin kunne ta fizge daga raminta, kiɗan nan mai taushi ya faɗa lasifika biyu da aka ƙure wa murya tun rana, har kwanon rufi ya amsa. Kaji suka dawo da gudu don su ga abin da ya faru. Daga bayan katanga, Siyama ta ɗora daga inda ta tsaya.

Rumasa'u ta shigo da yarinya a kafaɗa da zani a hannu. Ta wuce gwarzo, ta sunkuya, ta zare filogin fiyano daga bango.

"Juya bayanka," in ji ta.

Aka ɗora wa Sarkin Fiyanon Bayan Tasha ganimarsa, aka ɗaure da majanyi, aka ja masa kunne kan cinyoyin da ke ciwo. Ya zagaya tsakar gida sau ɗari da wani abu, yana rera kiɗan da hanci, ba daidai ba, har gab da magariba yarinya ta yi luf. An hana shi zama. An hana shi tari.

Rumasa'u ta zo da gawayi a hannu, ta tsaya jikin katanga, ta ce a hankali, "Faɗa mini lambar in rubuta, kada a sake."

Gwarzo ya dubi sama. Ya dubi kaji.

"Ɗari huɗu ce," in ji shi cikin raɗa, "da wani abu."